Rabin Maganar Iya Dije

Sunan kakata aka sa mini, Hadiza, shi ya sa ba mai kiran sunana a gidanmu. Mahaifina ba zai buɗe baki ya ambaci sunan mahaifiyarsa ba, sai aka laƙaba mini Uwani. Ita kuwa mai sunan, wadda duk unguwa ke kira Iya Dije, takwara take ce mini.

Gidanmu a Wudil ba shi da nisa da kogi. In ɗari ya shigo, sanyin ruwan nan yakan hauro ya same mu har cikin ɗaki. Da an idar da sallar lisha sai Iya ta jawo kara ta hura wuta a ƙofar ɗakinta, mu kuma mu kewaye ta, mu na gida da 'ya'yan maƙwabta, kowa ya naɗe ƙafa cikin zanensa. Takan tura gyaɗa cikin toka mai zafi ta ce kada wanda ya taɓa sai tatsuniya ta ƙare. 'Yan shekaru ne kafin Turawa su tafi. Ina da shekara goma, ina aji uku a elementare, cikin 'yan matan da ba su cika hannu ba da aka ɗauka daga unguwarmu.

Iya ungozoma ce. Duk haihuwar da aka yi a unguwa ita ake aika wa. Ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta tsaya kan wankan mai jego har a yi suna. Yawancin yaran da ke zama gaban wutar nan ita ta fara ɗaukar su kafin iyayensu mata. Tana da wata 'yar wuƙa cikin kube na jar fata, wadda wani maƙeri ya ƙera wa mahaifiyarta, ba ta rabuwa da ita. A ƙugunta take kwana.

Akwai wata ɗabi'a tata da ke ba mu haushi a lokacin. Iya ba ta fara tatsuniya sai ta faɗi inda ta samo ta.

"Wannan ba tawa ba ce," haka za ta ce. "Ta Goggo Abu ce, matar masunci, a bakinta na ji muna jiran kwalekwale. Ita kuma ta ce wata Bafillatana mai tallan nono ta ba ta."

Mu kuwa mun ƙosa a shiga labari. Wata rana ƙanena Sani ya ce, "Iya, ki bar mana sunayen mutanen da suka mutu, ki ba mu tatsuniyar kawai."

Ta ɗaga karan da take gyara wuta da shi ta nuna shi. "Kai in ka aro tabarma a maƙwabta, sai ka shimfiɗa wa baƙi ka ce taka ce? Matar nan ta ba ni abu, ta mutu. Abin da ya rage mata a wurina sunanta ne."

Ba nan kaɗai ba. In ta kai wani wuri da ta manta, ba ta ƙirƙira. Sai ta ce, "Nan akwai abin da ya zube daga kaina, ba zan cike muku da nawa ba," ta tsallake. In kuma ta ga dama ta yi mana faɗa a tsakiyar labari, sai ta fara cewa, "Yanzu ni ce ke magana, ba Goggo Abu ba." In ta gama faɗan ta ce, "To, mun koma bakin Goggo." Ko a zancen yau da gobe haka take. In aka aiko ta da saƙo tsakanin gida da gida, takan kai shi da kansa da ƙafafunsa, har da inda mai maganar ya yi tari. Mata sun san haka, shi ya sa ake ba ta sirri.

Autanta shi ne Baffa Habu, ƙanen mahaifina. Shi ne na farko a zuriyarmu da ya yi nisa a boko. A shekarar da nake ba da labari yana wata makaranta a birni inda ake koyon aikin tsafta da kiwon lafiya. Iya tana ji da shi ƙwarai. In ya zo hutu cikin farar rigarsa mai aljihu, da alƙalami a maƙale, sai ka ga ta rasa inda za ta sa shi. Ni ma ina son sa. Shi ya fara ba ni fensir mai abin gogewa a gindi.

A hutun ɗarin nan, wata rana da magariba kafin sauran yara su taru, ya zo ya zauna gaban wutar da littafin rubutu a cinyarsa. Mu uku ne kawai, ni da shi da Iya. Ya ce malaminsu ya sa kowane ɗalibi ya rubuta doguwar takarda kan yadda ake haihuwa a garinsu, kuma an ce kada su rubuta ra'ayinsu kawai, su kawo maganar mutane da bakinsu.

"Wato maganata za ta shiga takarda?" in ji Iya. Ta gyara ɗaurin kallabinta kamar wadda za a ɗauka hoto.

"Har da sunanki, Iya."

"To madalla. Malamin naku ya san abin da yake yi."

Ya yi ta tambaya tana ba shi amsa. Yadda ake zaunar da mai naƙuda, da abin da ake ba ta, da yadda ake gane mabiyiya ta fito duka. Can sai ya nuna ƙugunta ya ce, "Wuƙar nan fa, Iya, da me kike wanke ta? Da sabulu?"

Iya ta yi dariya. Zan kawo abin da ta ce yadda ta faɗe shi, don ina zaune kusa da gwiwarta.

"Ni ban taɓa wanke wuƙata ba tun da na fara yankan cibiya. Ruwa me zai yi mata? A wuta nake sa ta sai ta yi ja, in ɗora ta kan sabon kasko ta huce, sannan ta taɓa ɗan mutum. In na gama in sake mayar da ita wuta. Haka uwata ta koya mini, kuma wuƙar ba ta taɓa yanka komai ba in ba cibiya ba."

Baffa ya ce, "Maimaita mini farkon, Iya."

Ta maimaita, ya rubuta. Ta ci gaba da bayanin wuta da kasko, ni kuma ina kallon hannunsa saboda sha'awar yadda yake rubutu da sauri. Na ga alƙalamin ya tsaya tun tana cikin magana. Ban kawo komai a raina ba. Na zaci ya riƙe sauran a ka.

Ya koma birni. Ɗari ya wuce, bazara ta shigo. Wata ranar Laraba mai unguwa ya aiko a kira mahaifina. Da ya dawo bai ci abinci ba, ya wuce ɗakin Iya, suka daɗe. Daga waje na ji muryarta ta ɗaga, abin da ba ta saba yi ba.

"Ai ba ni kaɗai ba ce a wurin! Takwara na nan, da kunnenta ta ji. A tambaye ta."

Bayan la'asar mahaifina ya kira ni zaure. Bai taɓa kirana zaure ni kaɗai ba. Ya ce takardar Baffa ta fi ta kowa kyau a makarantarsu, har manyan ma'aikatan lafiya suka ciro wani yanki daga cikinta suka aika wa ƙananan asibitoci don a yi hattara da ungozomomin ƙauye. A cikin yankin akwai maganar Iya da sunanta. Gobe malamin asibiti zai zo da mai unguwa.

"Uwani, ki saurare ni da kyau. In aka ce Habu ya rubuta abin da ba haka ba, korar sa za a yi. Saura 'yan watanni ya gama. Duk gidan nan shi muke kallo. Iya ta tsufa, ko ba wannan ba ta kusa ajiye aikin. Abin da aka karanta miki, in kin ji ta faɗa, ki ce kin ji. Daga nan ki rufe bakinki. Kin ji ni?"

Na ce, "Baba, ai ta ce a wuta take..."

"Na ce kin ji ni?"

Na ce na ji.

Washegari da hantsi suka zo. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure. Malamin asibitin mutum ne mai natsuwa, ba ɗan garinmu ba. Ya durƙusa ya gaida Iya, ya tambayi gida da jikoki da zafi, sannan ya zaro takardar. Da keken rubutu aka buga ta, dukanta da Turanci, sai layi ɗaya tak a tsakiya da aka bari da Hausa, an sa masa 'yan ƙugiyoyi biyu a farko, biyu a ƙarshe. Ya karanta a hankali: "Ni ban taɓa wanke wuƙata ba tun da na fara yankan cibiya." A ƙasa an rubuta Dije, ungozoma, Wudil.

Mai unguwa ya yi salati a hankali.

Iya ta ce, "Maganata ce. Amma ba nan na tsaya ba. An yanke ta a tsakiya." Ta yi musu bayanin wuta da sabon kasko.

Malamin ya saurare ta har ƙarshe. Ya ce, "Iya, ni abin da ke rubuce aka aiko ni da shi. Kuma ba baƙo ya rubuta ba, ɗanki ne. In da akwai wannan bayanin, me zai hana shi sawa?"

"Ga takwara nan, tana wurin. Kuma tana karatu. Ku ba ta ta gani."

Aka miƙo mini takardar. Ban iya Turancin ba tukuna, amma layin nan na Hausa na karanta shi sarai, ya tsaya shi kaɗai kamar wanda aka tsayar gaban alƙali.

Malamin ya ce, "Yarinya, kin ji ta faɗi haka?"

"Na ji."

"Bayan nan fa, ta ƙara wani abu?"

Mahaifina yana zaune bakin ƙofa, yana kallon yatsun ƙafarsa. Maganar wuta da kasko tana bakina, kalma bayan kalma, har dariyar da Iya ta yi kafin ta faɗa.

Na ce, "Ban riƙe ba."

Iya ba ta dube ni ba. Mahaifina ta duba, ta daɗe tana kallonsa, shi kuma bai ɗago ba. Sannan ta sa hannu a ƙugunta ta kwance kuben, ta ajiye gaban mai unguwa.

"Ga ta nan. Yarinya ce, kada a matsa mata."

Mai unguwa ya ce ba sai ta ba da wuƙar ba, umarnin kawai shi ne ta dakata da karɓar haihuwa. Ta ce a bar ta a wurinsa. Ta tashi ta shige gida.

Kafin Juma'a maganar ta zaga gari, ranar kasuwa kuma ta bi 'yan ƙauye zuwa Ɗankaza da sauran wurare. Layin gajere ne, yana da sauƙin ɗauka. Ba wanda ya tsaya tambayar abin da ya biyo bayansa, don ba wanda ya san akwai. Matan da suka sha ganin ta tana sa wuƙar a garwashi da idonsu ma sai suka fara cewa, to, wa ya sani, ai takarda ce ta faɗa, kuma ɗanta ne ya rubuta. Yaran maƙwabta suka daina zuwa tatsuniya. Wasu iyayensu suka hana, wasu kunya.

Abin da ya fi ci mini rai zuwan Lami ne. Lami maƙwabciyarmu ce, jaririnta ya rasu shekara uku kafin nan, kwana goma da haihuwa, a wani lokaci da zazzaɓi ya ɗebi yara da yawa. Iya ce ta zauna da ita a lokacin, ita ta yi ta ba ta baki. Ran nan ta shigo ba sallama, ta tsaya ƙofar ɗakin Iya. Ba ta yi zagi ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Iya, ashe ke ce?"

Iya na tsefe auduga. Hannunta ya tsaya. Ta ce, "Lami, zauna in gaya miki."

"A'a. Na ji abin da zan ji."

Ta juya ta fita. Ina tsaye gindin turmi ina ji. Da na bi ta na ce mata ba haka ba ne, da na faɗa mata maganar wuta, wataƙila da ta saurara. Ban motsa ba. Daga ranar Iya ba ta ƙara hura wuta a ƙofar ɗaki ba. Tana aikena, tana raba mini tuwo, tana ce mini takwara kamar da. Ko sau ɗaya ba ta tayar mini da maganar zaure ba.

Da damina ta yi nisa Baffa ya dawo. Ya gama, shi ya zo na ɗaya, an kuma ba shi aiki. Maza suka cika zaure ana yi masa barka. Da yamma ya shigo ya durƙusa ƙofar ɗakin Iya. Ina ciki ina ninke mata zannuwa.

Ta amsa gaisuwarsa duka, ta tambayi hanya, ta yi masa addu'a kan aikin. Ba ta tayar da maganar takarda ba. Shi ya kasa haƙuri.

"Iya, wallahi ban ƙara ko harafi ɗaya a maganarki ba."

"Na sani, Auta. Ba ka ƙara ba."

"Malaminmu ya ce kada a cika takarda da dogon zancen mutane. A ɗauko inda ya fi ƙarfi, wanda ya tafi da abin da ake son nunawa. Ni ina nuna hatsarin rashin tsafta ne. Ban san za a aika da ita ko'ina ba."

"To ka rubuta musu sauran."

Ya sunkuyar da kai. "Iya, an riga an ba da sakamako."

"Haka ne," in ji ta. "Tashi ka je, baƙinka na jira."

A daren aka yi ruwa tun magariba, gari ya yi sanyi. Bayan lisha sai muka ji Iya na kiran mu. Ta hura wuta a kaskon ɗakinta. Mu huɗu ne kawai, 'yan gida. Baffa ma ya zo ya zauna bakin ƙofa daga ciki, ina jin yana so ya ga ko ta huce.

Ta ce, "Ku matso, ga wata ta iso."

Muka ce mun ba ta wuri. Muka jira mu ji ta wace ce, ta Goggo Abu ko ta Bafillatana.

"Wannan ban ji ta a bakin kowa ba," in ji Iya. "Tawa ce. In ta yi daɗi ni, in ba ta yi ba ni."

Ta ce wai wani garken shanu ne ya iso bakin kogi yana son ƙetarewa, ruwa kuwa ya fara cika. Babban sa ya aiki Balbela ta je ta tambayi tsohuwar Kififiya, kunkurun ruwa, wadda ta yi shekara da shekaru a mashigin, ta san kowane rami da ke ƙarƙashin ruwan. Balbela ta tashi da farar rigarta ta sauka gaban Kififiya. Kififiya ta ce, "Ba a taɓa nutsewa a mashigin nan ba, in dai an bi ta bayan baƙin dutse an bar gabansa, don a gabansa akwai rami." Balbela ta ga shanu sun gaji, suna son labari mai daɗi kuma gajere, ita kuma tana son a ce ta iya aike. Ta koma ta ce, "Ba a taɓa nutsewa a mashigin nan ba, in ji Kififiya." Shanu suka faɗa ruwa ta gaban dutse. Manya suka fita da ƙyar, 'yan maruƙa bakwai suka tafi.

Aka kamo Kififiya aka tsayar da ita tsakiyar garke. Aka ce, ke kika ce ba a taɓa nutsewa ba? Ta ce ni ce, amma da saura. Balbela ta rantse ba ta ƙara ko kalma ba, kuma gaskiya ta faɗa. Sai Kififiya ta ce akwai wani ɗan Kwaɗo da ke zaune kan ganye lokacin da take maganar, a tambaye shi. Aka tambayi Kwaɗo. Ya dubi ƙahonin shanu, ya dubi Balbela, sai ya yi tsalle ya nutse cikin ruwa.

Tun daga ranar, in ji Iya, Kififiya ta mayar da kanta cikin ƙoƙonta, ba wanda ya ƙara jin muryarta. Balbela kuwa har gobe tana bisa bayan shanu, rigarta fara tas. Shi kuma Kwaɗo, duk sanda aka yi ruwa sai ya fito ya yi ta faɗin sauran maganar da ƙarfi, amma shanu sun riga sun wuce, kuma ba mai jin yarensa.

"Nan ta tsaya," in ji ta.

Sani ya ce, "Iya, ba a hukunta Balbela ba?"

"Da wane laifi? Ƙarya ta yi?"

"To shi Kwaɗon me ya sa bai faɗa ba?"

Ta tura wani kara cikin wuta. "Ƙarami ne. An ce masa ya yi shiru."

Ba ta dubi inda nake ba. Da ta dube ni, da ta zage ni ma, da na fi samun sauƙi. Baffa ya tashi a hankali ya ce yana da sammako. Wannan ce tatsuniyar ƙarshe da na ji daga bakinta. Damina biyu bayan nan ta rasu. Mata sun zo gaisuwa da yawa, amma Lami ba ta zo ba.

Ni na ci gaba da karatu, Baffa ne ma ya tsaya mini har na zama malama, ba zan ɓoye wannan ba. Na shekara talatin da wani abu ina koyarwa a wata kwaleji, ina duba kundin binciken ɗalibai. Akwai ƙa'idojin da muke koya musu kan kawo maganar wani a rubutu: ka sa alamar zance, kada ka canza kalma, ka faɗi mai maganar, ka faɗi shafi, kada ka jibga dogon zance inda gajere zai wadatar. Duk shekara nakan rubuta su a allo, kuma duk shekara sai na tuna babu ɗaya daga ciki da Baffa ya karya. Ya sa alamar, ya bar kalmomin yadda suke, ya rubuta sunanta da garinta. Sunan da ta yi murna za a sa a takarda, shi ya nuna wa mutane ƙofar da za su tsaya.

Saboda haka na ƙara wata tambaya tawa. Duk ɗalibin da ya kawo mini layi mai kyau daga littafi ko daga bakin wani dattijo, sai in ce, "Me ya ce bayan nan? Ɗauko littafin ka karanta mini layin da ke biye." In hira ce ya yi, in ce, "In mai maganar yana zaune nan ka karanta masa, zai ce haka yake nufi?" Sau da yawa layin da ke biye yakan fara da "amma", ko "sai dai", ko "in har". Na mayar da kundi da yawa saboda wannan. Ɗalibai suka sa mini suna, suka ce na cika tsanani, wasu abokan aiki suka ce ina da amana a ilimi. Ban taɓa gyara musu ba. Ni na san ba amana ce ta sa ni ba. Wanda ya yanke magana yakan buƙaci wani da ya ji sauran ya yi shiru, kuma na san yadda shirun nan yake da sauƙi.

Baffa ya yi girma a aikinsa, ya yi ritaya da mutunci. Bayan na ajiye nawa aikin aka ce mini ba shi da lafiya, na je birni duba shi. Na same shi kwance a falo, ya rame, amma hankalinsa garau. Muka gaisa, muka taɓa zancen 'ya'ya da jikoki. Sai ya sa aka ɗauko masa wata tsohuwar jaka, ya zaro takardu da suka yi ja don tsufa.

"Uwani, ke malama ce, dubi wannan. Takardata ta farko. Ita ta buɗe mini hanya."

Ya buɗe shafin da kansa. Layin yana nan da rubutun hannunsa, malaminsu ya ja masa jan layi a ƙasa, ya rubuta kalmar yabo a gefe. Baffa ya shafa wurin da yatsa.

"Iya ce ta ba ni wannan. Kin tuna? Kina wurin. Allah ya jiƙan ta, ya sa ta huta."

Na dube shi sosai ko zan ga alamar yana gwada ni ne. Babu. Ya manta akwai saura, ko kuwa ya daɗe da koya wa kansa mantawa. Maganar wuta da sabon kasko ta taso mini har bakin leɓe. Na haura shekara sittin a lokacin. Mahaifina ya daɗe a ƙasa, ba wanda ya ja mini kunne, ba wanda za a kora daga ko'ina. Matar Baffa ta shigo da faranti tana cewa in ci ko kaɗan ne.

Na ce amin. Na yi masa fatan samun sauƙi, na ɗauki jakata na fito.